Ranar da Muka Ɓatar da Ƙofar Shiga Kwamfuta

Mu 'yan kulob ɗin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare da ke Rano. Wasunmu 'yan cikin gari ne, wasu kuma daga Kibiya da ƙauyukanta suke. Kwamfuta shida gare mu, duk tsofaffi. Idan ka kunna ɗaya, sai ka je ka sha ruwa ka dawo ba ta gama farkawa ba. Da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ga shi namu ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba, sai Malam ya zo da filashi ya ce Linux za mu koma.

Linux buɗaɗɗiyar manhaja ce. Duk wanda ya iya zai duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ba wani, ba tare da ya biya ko sisi ba. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke Finlan. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, fuskarta ba ɗaya ba ce. Abin da kake gani a allo, wato wurin latsawa da jerin manhajoji da agogo, kai ne za ka zaɓa. Akwai KDE, wadda wani Bajamushe, Matthias Ettrich, ya fara a 1996. Akwai GNOME, wadda Miguel de Icaza da Federico Mena 'yan Meziko suka fara a 1997. Akwai wasu da dama.

Mu dai KDE muka ɗauka, saboda kusan komai nata ana iya sauya shi. Mako biyu muna sha'aninmu. Wannan ya mayar da jerin manhajoji sama, wancan ya kai shi gefe, wani ya sa shi ya ɓuya sai an kai kibiyar linzami wurin. Kowace kwamfuta ta zama kamar ɗakin wanda ya taɓa ta a ƙarshe.

Ranar wata Laraba wani ɗan aji shida daga Kibiya ya zo. Jarrabawar JAMB yake shirin yi, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, shi kuwa bai fi sau uku ya taɓa kama linzami ba. Minti talatin aka ba shi, domin man janareta a ƙididdige yake. Ya zauna ya tarar da hoton mota cike da allo, babu wurin latsawa ko ɗaya. Kunya ta hana shi tambayar ƙannensa. Haka ya yi ta juya linzami har janareta ya mutu. Da muka gane, babu wanda ya iya ɗaga kai.

Washegari gardama ta kaure. Wasunmu suka ce amfanin buɗaɗɗiyar manhaja ke nan, kowa ya tsara abinsa yadda yake so, kuma da taɓe-taɓen ne muka koyi abin da muka iya. Wasu suka ce yawan zaɓi ya zama kaya, wanda ya sani yana more shi, baƙo kuma yana biyan kuɗinsa. Malam ya bar mu muka gaji, sannan ya ce: "Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Ku ne masu kurar."

Ya kuma gaya mana cewa masu rubuta manhajojin kansu sun daɗe suna wannan gardama. A 2011 masu GNOME suka fito da sabon tsari, suka rage abubuwan da mutum zai iya sauyawa don a samu sauƙi. Mutane da yawa suka fusata. Wasu suka ɗauki tsohon tsarin suka ci gaba da shi da sunan MATE, masu Linux Mint kuma suka ƙirƙiro Cinnamon. Su ma masu ragewar suna da hujja: duk zaɓin da aka ƙara, sai wani ya rubuta shi, ya gwada, ya gyara idan ya lalace, kuma da yawa daga masu wannan aiki 'yan sa-kai ne.

Ga matsayar da muka cimma. Kwamfuta biyar mun mayar da su fuska iri ɗaya, wurin latsawa a ƙasa ta hagu, ba mai sauya komai. Ta shidan ita ce ta gwaji, duk mai ƙaiƙayin hannu ya je can, idan ya ɓata ya gyara da kansa. Har yanzu akwai masu cewa an tauye su, kuma ba mu ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba.

'Yan uwa ɗalibai, idan makarantarku na da kwamfutar da kowa ke amfani da ita, kafin ku sauya wani abu ku tuna da wanda zai zauna bayanku. Shi kuwa yayan namu na Kibiya, mun haɗu mun bar masa lokacinmu na kwana uku. A rana ta ukun da kansa ya kunna, ya buɗe tambayoyin gwaji, bai nemi kowa ba.