Rufe Sashen Gajerun Bidiyo

Ba na son rabuwa da Instagram ko YouTube. A Instagram 'yan'uwa ke sa hotunan suna da biki, a YouTube kuma nake sauraron dogon karatun malamai. Sashe ɗaya nake so in rufe: Reels da Shorts, waɗanda suka shigo a 2020 bayan TikTok ya nuna wa duniya yadda ake riƙe idon mutum. Ba su da ƙarshe. Ka ture ɗaya da yatsa, wani ya hau, manhajar kuma tana lura da wanda ka daɗe a kansa, sai ta ƙaro maka irinsa. Shi ya sa niyya kaɗai ba ta isa, musamman bayan isha'i, lokacin da jiki ya gaji.

Screen Time na iPhone da Digital Wellbeing na Android suna ƙayyade lokacin manhaja gaba ɗayanta, ba sa raba tsaba da tsakuwa. Sai na koma ga wata ƙaramar manhaja wadda ke gane shafin gajerun bidiyo ta mayar da ni baya nan take. Na daɗe ina nazari kafin in amince, domin tana neman izinin ganin abin da ke kan allon wayata, kuma wannan amana ce babba.

Yanzu in ƙanwata ta turo bidiyo ta WhatsApp, ina kallonsa, in yi mata magana a kai, in ajiye wayar.