Tsohuwar 911 ta sake tashi

Shekara biyu motar marigayi ɗan'uwanmu, Marsandi 911 mai bodin katako, tana ajiye a Agege, 'yan gwangwan suna zawarcinta. Muka hana a sayar, domin da ita yake ciyar da iyalinsa.

Famfon injekta ne ya ba mu wahala. Mun zaga Ladipo ba mu dace ba. Sai a Ƙofar Ruwa, can Kano, wani dattijon makanike ya ciro mana daga jikin wadda ta mutu. Ya ce mai neman kayan tsohuwar mota ya riƙe wanda ya lalace, a gwada kafin a biya.

Jiya ta sauke albasa a Mile 12. Kuɗin lodin farko suna hannun uwar marayu. Allah Ya jiƙan mai ita.