Gargarar tiyo

A Safo, kudu da Maraɗi, wani malamin makaranta da ya ajiye alli ya koma kiwon kifi cikin akwatin gilashi. Ƴaƴan karfasa ne guda shida, kyautar wani masunci na tabkin Madarumfa. Mutumin ya girma a bakin gulbin Maraɗi, ya kuma ga yadda ambaliyarsa ta ragu bayan da aka gama madatsar Jibiya a 1989. Wataƙila kewar ruwan nan ce ta sa ya shigo da ɗan guntunsa cikin ɗaki.

Tsarin ba shi da wuya. Ruwa kan cika akwatin sama, ya gangara ta tiyo zuwa wani baho a ƙasa, inda tsakuwa da soso ke tace shi, sannan ƙaramin inji ya mayar da shi sama. Da rana babu mai lura. Da dare kuwa, idan gari ya yi tsit, sai tiyon ya dinga zuƙa yana shaƙewa, ya yi shiru, ya sāke.

Mahaifiyarsa, wadda ɗakinta ke jikin nasa, ta yi kwana uku ba barci. Ita ce ta zauna a kan mijinta daren da ya cika, ta kuwa san irin wannan sauti. Da safe ta ce: "Ɗan nan, abin nan naka gargara yake yi. Ko shi, ko ni." Ya durƙusa ya ce: "Inna, a yi mini haƙurin mako guda."

Dabararsa ta farko ta gaggawa ce: ya sa wa tiyon kan famfo, ya matse har ƙarar ta ɗauke. Kwana biyu gansakuka ta toshe ƴar hanyar da ta rage, aka wayi gari tabarma da littattafai suna iyo.

Sai a bakin rijiya ya gane. Duk wanda ya taɓa nutsa gora cikin ruwa ya san ɓulɓul ɗin da take yi: iska na neman fita, ruwa na neman shiga, baki kuwa ɗaya ne. Haka tiyon yake. Ya cika ya ja ruwa da ƙarfi, bakinsa ya fito fili ya haɗiyi iska, jan ya karye, a koma farko. Masu kiwon kifin ado a Amurka sun daɗe da magance wannan da bututun da suke kira da sunan Richard Durso. Ana lanƙwasa bakin tiyon ya dubi ƙasa, ya nutse, a rufe samansa da marfi mai ƙaramar huda, iska ta sami ƙofarta ita kaɗai. Malam ya fara hudar da allura mai zafi, yana faɗaɗa ta kaɗan-kaɗan, kunnensa a jikin tiyon. Ya nutsar da wutsiyarsa kimanin santimita 3 cikin ruwan baho, ya kuma ƙara wani tiyon sama da na farko, busasshe, don ranar toshewa. Abin da ya rage ɗan sululu ne, Inna ta yi barci.

A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wani dare injin ya tsaya. Tarwaɗa kan iya shaƙar iska a saman ruwa, karfasa kuwa ba ta da wannan baiwa. Malam na ta minshari. Inna ce ta buga masa ƙofa da sandarta: "Tashi, ɗan nan, ruwanka ya yi shiru."

Ya tarar da kifayen a sama suna buɗe baki. Ya ɗauki ƙwarya, yana ɗiba yana kwararowa daga sama, ita tana riƙe masa da fitila, har aka kira asalatu. Biyu suka mutu. Ranar kasuwa ya shiga Maraɗi ya sayo batir da allon hasken rana.