Daga Ataba Zuwa Bab Zuwaila: Kasuwar Alƙahira a Idon Ɗan Gombe

Duk wanda ya tashi a Gombe ya san cinkoso. Ya san Babbar Kasuwa a jajibirin salla, ya san Tudun Hatsi da kaka idan manyan motoci sun jeru ana lodin masara da wake. Amma cinkoson titin Muski na Alƙahira wani abu ne daban, domin shi ba ya jiran salla ko kaka. Kullum haka yake, kuma yana ƙara cika ne bayan magariba, lokacin da 'yan kasuwarmu suke kulle rumfa.

Karatu ne ya kawo ni Masar, kuma idan na samu sarari nakan shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa in sauka a tashar Ataba. Tun kana hauro matakala kasuwa take tarbarka: takalma, jakunkuna, cajar waya, kowa na kiran nasa farashi. Daga nan sai ka nausa gabas ta cikin Muski, kafaɗa da kafaɗa. Mai tura baro yana ihu a ba shi hanya, ga yaro a kan keke ya ɗora faffaɗan katako cike da gurasa a ka, hannu ɗaya na riƙe da katakon, ɗayan na tuƙi, kuma ko guda ba ta faɗuwa. Har yau idan na gan su sai na tsaya kallo.

A ƙarshen titin ne za ka fito filin Masallacin Husaini, Azhar na tsallaken hanya, kasuwar Khan Khalili kuma na gefe. Wani basarake mai suna Jarkas al-Khalili ne ya fara gina ta a ƙarshen ƙarni na 14, zamanin Sarki Barƙuƙ, sannan Sarki Guri ya sake gina ta a 1511. Ƙofofin dutsen da ya yi suna nan, kuma a ƙarƙashinsu mutane ke neman abincinsu har yanzu. Masu shaguna na ganina sai su ce, "Ya Shaikh, Sudan?" In ce Najeriya, sai hira ta koma ƙwallo. Kasuwa ce ta baƙi, don haka kuɗin farko da za a gaya maka na gwaji ne. Ka taya ƙasa sosai, idan ya ƙi ka yi sallama ka juya, sau da yawa zai kira ka. A layin maƙeran zinariya nakan tuna cewa Mansa Musa ya ratsa birnin nan a 1324 kan hanyarsa ta Makka, ya rabar da zinariya har darajarta ta faɗi.

Ni dai inda na fi daɗewa shi ne layin masu kayan ƙamshi da magunguna, kudu da nan. A can na ga goruba. Gorubar da yaranmu ke gwaguya a bakin makaranta su jefar da ƙwallon, nan an ɓare ta, an daka, an zuba a buhu mai tsabta, ana auna ta da sikeli. Ana jiƙa ta ko a tafasa, a tace, a sanyaya, manyan mutane su sha, musamman da azumi. Kusa da ita ga zoborodo, ga tsamiya an dunƙule ta, ga aya, ga hulba. Mai shagon, wani dattijo, ya ce mini mafi kyawun zoborodonsu daga Aswan da Sudan yake zuwa. Na ce masa, "Baba, a garinmu a gefen gona ake shuka shi." Ya tambaye ni me ya hana mu kawo musu. Wannan tambaya ta tsaya mini a rai, domin kayan duk muna da su. Abin da suka fi mu shi ne gyara: a tsince, a wanke, a shanya a inda ƙasa ba ta taɓawa, a ware mai kyau daga na baya. Da wannan kawai kaya ke ninka daraja, kuma babu wani inji mai tsada a cikin aikin.

Idan ka ci gaba kudu daga nan, ka bi titin da ake kira Mu'izz, za ka fita ta Bab Zuwaila, ƙofar ganuwa da aka gina a 1092 zamanin Faɗimiyawa, da hasumiyoyi biyu a kanta. Tsallake kaɗan sai Khayamiya, layin maɗinka tanti, mai rufi tun ƙarni na 17. Kowane maɗinki na zaune a ɗan shagonsa ya tanƙwashe ƙafa, almakashi da allura a hannu, yana yanka ƙyallaye masu launi yana ɗinka su a kan zane mai kauri har su zama fure, ko tauraro, ko rubutun Larabci. Ba keken ɗinki. Babban aiki guda kan ci watanni. Da can tantunan biki da na zaman makoki suke yi, amma yadin da ake bugawa a masana'anta ya ƙwace musu wannan ciniki, sai suka koma yin matasai da kayan rataye a bango, sana'ar ta rayu. Na zauna wajen wani yana aiki, ɗansa na gefe yana zare masa zare, na tuna masu ɗinkin hula da aikin babbar riga na gida, waɗanda da yawa 'ya'yansu ba sa son gadonsu.

Ga ɗaliban Gombe da sauran 'yan uwa da ke shirin zuwa: kada ka tsaya a Khan Khalili ka sayi carbi da turare ka ce ka ga kasuwa. Ka sa takalmi mai daɗin tafiya, ka ajiye wayarka a aljihun gaba, ka taka da ƙafa har Bab Zuwaila. Ka shiga layin masu goruba ka tambaye su yadda suke gyara ta, ba sa rowar bayani.