Kukumar da Ba a Rubuta Awonta Ba

A wani ƙauye da ke bakin hanyar ruwa tsakanin Kura da Bunkure akwai dattijon da ya daɗe da barin kiɗa, amma kukumarsa tana nan rataye a bangon zaure. A ƙuruciyarsa, da an kai amfanin gona rumbu sai rani ya zama lokacin biki da dambe da hirar dandali, shi kuma ba ya kwana biyu a gida. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo hanyoyin siminti zuwa Kadawa da kewayenta, sai rani ya koma lokacin alkama da tumatir da albasa. Mai ban ruwa da asuba ba ya raba dare a dandali. Shi ma makaɗin ya karɓi fili ya duƙufa, bai kuwa yi nadama ba, domin da noman ranin ya aurar da 'ya'yansa.

Jikansa yana aiki a injin casar shinkafa a Kura. Da dare yakan zauna wurin wani abokinsa mai fiyanon Yamaha, amma zuciyarsa tana kan jita, tun ranar da ya ga Mdou Moctar na Nijar yana kaɗa ta da hannun hagu a wayarsa. Ya yi kaka biyu yana tara kuɗi. Wata rana da yamma ya miƙa wa dattijon wayar.

"Kaka, dubi wannan. Sabuwa ce fil, ga sunan mai ita a rubuce a kanta."

"To abokina, shi mai sunan yana ina?"

"Ai ya rasu tun 2009."

"Ya rasu, ake ta sayar da kayan kiɗansa? Guda nawa ya bari?"

Tambayar tana kan hanya. Sunan da ke jikin jitar na Les Paul ne, makaɗin Amurka wanda kamfanin Gibson ya fara fitar da jita da sunansa a 1952, har yau kuma yana fitar da ita. Dabarar ita ce kamfani ya ƙulla yarjejeniya da shahararren makaɗi, ya auna abin da yake so: irin katako, kaurin wuya, nauyi, launi, da maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsarkiya. Sai a ƙera dubbai a kan wannan awo, a sa musu sunansa, a ba shi kasonsa. Haka Gibson ya yi da Lucille, jitar B.B. King, daga 1980, kamfanin Fender kuma ya yi da Eric Clapton a 1988. Mai saye ya san sarai ba za a haɗa masa da yatsun makaɗin ba. Abin da yake biya shi ne awon, da kuma ɗan burin da suna ke sa wa mai koyo.

A ƙasar Hausa ma abin kiɗa yana bin sunan mutum. Ba a ambaton kuntigi a manta da Ɗanmaraya Jos, ko kalangu a tsallake Mamman Shata. Kotso yana tuna wa mutane Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, gurmi Haruna Uji, ƙwarya Barmani Coge, kukuma kuwa Ahmadu Doka da Hassan Wayam. Sai dai a nan sunan a kunnen jama'a yake zaune, babu mai buga shi a jikin itace. B.B. King ya rasu a watan Mayun 2015, Ɗanmaraya ya bi shi a watan Yuni na shekarar. Bayan rasuwar na farko an ci gaba da ƙera irin jitarsa, duk mai kuɗi yana iya riƙe ta. Yaron da ke son kuntigi irin na Ɗanmaraya kuwa, gwangwani da fata da tsarkiya ɗaya tal, dole ya nemo wanda ya taɓa gani, ya yi ta gwaji da kunne.

Dalili shi ne makaɗin Hausa da jikinsa yake awo. Dattijon ya sauko da kukumar, ya busa ƙurar da ke kanta, ya nuna wa jikan. Ƙoƙon ya zaɓe shi ne don ya cika tafinsa daidai. Sandar kamu biyu ce da ɗan ƙari, kamun hannunsa shi, wanda ya fi na jikan faɗi. Fatar guza ce aka ja tana ɗanya, aka bar ta ta bushe a inuwa. Tsarkiyar izgar doki ce, haka ma ta bakan da ake gogawa da shi, sai an shafa mata ƙaro kafin ta yi magana. Ɗan itacen da tsarkiya ke hawa, wanda makaɗa ke kira jaki, ya yi ta matsar da shi har sautin ya dace da maƙogwaronsa. Kukumar ta dace da shi fiye da yadda kowace jitar kamfani za ta dace da mai sayenta, amma duk awon a hannunsa yake, hannun kuma ya fara rawa.

Kayan haɗin ma suna ƙaranci. Roba ta kori ƙwarya daga ɗakin girki, manomin da ke lissafin buhun shinkafa ba ya barin fili don duma. Babur ya maye gurbin doki a ƙauye, sai gidan sarauta ake samun izga. Guza ce kaɗai ruwan ya yi wa gata, tana nan a bakin magudanai, amma masu iya gyara fatarta sun tsufa.

Kura ta san wannan ciwo tun ba yau ba. Sunanta ya daɗe a jikin kaya: rawani ɗan Kura, mai shuni da ƙyallin bugu, wanda Buzaye ke nema daga can cikin hamada. Sunan yana nan a bakin mutane, amma karofi da yawa sun cike, masu sanin yadda ake dafa baba da toka sun ragu.

"Ko ka rubuta, takarda ba ta kiɗa," in ji dattijon, da ya ga jikan ya aro tef ɗin tela.

"Gaskiya ne, Kaka. Amma wanda ya zo bayanmu zai san inda zai fara."

Ya kuma ba shi labarin Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008. Dattijon ya yi dariya, ya ce ashe ɗan'uwansa ne a sana'a. Daga nan ya miƙa kukumar.

Sun kwashe yammaci uku suna aikin. Jikan ya rubuta faɗin bakin ƙoƙo, tsawon sanda, girman hudar da sauti ke fita, da adadin gashin izga. Abin da ba ya aunuwa, kamar yadda ake gane fata ta ja daidai da ɗan ƙwanƙwasawa, ya ɗauke shi a waya. A rana ta uku dattijon ya ɗora baka a kan tsarkiya. Sautin ya fito a shaƙe, sa'an nan ya washe, har mata suka leƙo daga cikin gida.

Saurayin bai fasa sayen jita ba. Ya je Sabon Gari a Kano ya samo ta hannu, wadda babu sunan kowa a kanta, domin kuɗin kaka biyu ba su kai ko kusa da mai suna ba. Ragowar canjin ya ba wani mai kiwon dokin hakimi don ya tara masa izga. A gefen gonarsu kuma, inda ruwa ke tsiyaya daga kwalbati, ya binne 'ya'yan duma guda biyar. Dattijon ya ce idan sun yi, shi zai zaɓi ƙoƙon, amma da tafin jikan za a auna.