AHUWA DABAN, WANKEWA DABAN

Duk Bahaushen da fatauci ya kai Kudu ya san Turancin kasuwa ba shi da wuyar kamawa. Cikin wata biyu ko uku mutum ya iya tayi, ya iya sallamawa, ya kuma iya bin bashinsa. Amma akwai wani Turanci wanda ba a tsintarsa a bakin rumfa, watau na kotu da gidan yari, kuma rashin saninsa ne kan jefa baƙo cikin wahala.

A Kasuwar Creek Road ta Fatakwal, wadda ta yi suna wajen kifi saboda tana bakin ruwa, akwai wani dattijo Basakkwace mai sayar da albasa da busasshen barkono. Bai taɓa shiga makarantar boko ba, amma ya fi shekara 40 yana tara kalmomin shari'a na Turanci a bayan littafinsa na bashi. Da dare sai ya saurari labarai da Hausa a Rediyon Kaduna ko BBC, da safe ya nemi labarin nan a jaridar Turanci, ya sa wani ɗan makaranta ya karanta masa. Kalmar da ta shige masa duhu sai ya kwafe ta da boko, ya rubuta ma'anarta da ajami.

Kalmar farko ya samo ta ne a Anacha cikin 1982, tun yana yaron shago a wurin wani ubangidansa. A watan Mayu na shekarar Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya yi wa Odumegwu Ojukwu ahuwa, shi kuwa ya komo gida a watan Yuni bayan fiye da shekara 12 yana gudun hijira a Kwaddibuwa. Gari ya ɗauki murna, jaridu duka suna ɗauke da kalmar "pardon". Yaro ya rasa gane kanta, domin shi a iya saninsa ana faɗinta ne idan ba a ji maganar mutum ba, ana so ya maimaita. Da aka warware masa cewa ahuwa ake nufi, sai ya fahimci ashe kalma guda takan sake kama idan ta shiga hannun hukuma.

Bayan ya koma Fatakwal da zama, shafin ya ci gaba da cika. A 1995, zamanin Janar Sani Abacha, ya rubuta "tribunal", watau kotun musamman, da "appeal", watau ɗaukaka ƙara. Ta biyun ya koye ta ne saboda an hana ta ga Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas na ƙabilar Ogoni, waɗanda aka rataye a kurkukun Fatakwal ran 10 ga Nuwamba. A 2009 kuma sai ga "amnesty", sa'ad da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa masu ɗauke da makamai na Neja Dalta tayin yafiya, muddin sun miƙa bindigoginsu kafin cikar wa'adi ran 4 ga Oktoba. A Hausa wannan ma ahuwa aka ce, amma dattijon ya lura da bambanci: "amnesty" ta jama'a ce gaba ɗaya, ba sai an kai kowa kotu ba, ita kuwa "pardon" da sunan mutum take zuwa. Daga baya ya ƙara da "commute", watau sassauta hukunci, kamar a mai da kisa ɗaurin rai da rai. Ya kuma gano cewa sashe na 175 na Tsarin Mulkin 1999 ne ya ba Shugaban Ƙasa wannan iko bayan ya shawarci Majalisar Magabata, sashe na 212 kuwa ya ba Gwamna irinsa a kan laifuffukan da suka saɓa wa dokar jiha.

Abokan zamansa sun daɗe suna yi masa ba'a, suna kiransa lauyan albasa, har ranar da abin ya zo gida. Aka kama ɗan ƙanensa, wanda ke kwana a rumfa, bisa zargin yana da hannu a satar buhunan wake. Beli ya gagara, yaro ya shiga sahun masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya. Masu ba da shawara suka yi ca a kan dattijon. Suka ce yaron ya amsa laifi kawai, a yanke masa 'yan watanni, in da rabo ma ahuwar Gwamna ta same shi ranar bikin 'yancin kai.

Da ya je ziyara yaron ya ce masa, "Baffa, na gaji. Ko in amsa ne in huta?"

Dattijon ya ce, "Ɗana, ka ɗauki waken nan?" Yaro ya rantse bai ɗauka ba. Ya ce, "To, kada ka amsa. Ahuwa hukunci take ɗagewa, ba ta cewa ba ka yi ba. Gobe wa zai ɗora maka kaya bashi daga Arewa idan an san da bakinka ka ce kai ɓarawo ne?"

Mai karatu ya sani wannan shawara ba a arha ta zo ba. Yaron ya ƙara wata bakwai a tsare, jari ya tafi wajen lauya, uwar yaron kuma ta aiko daga gida da maganganu masu zafi, tana cewa taurin kan tsoho ne ke cin ɗanta. Da masu ƙara suka daina zuwa kotu, lauya ya yi albishir cewa za a sallami yaron. Dattijon ya tambaye shi, "Ranka ya daɗe, 'discharged' kaɗai, ko da 'acquitted'?" Lauya ya dube shi da mamaki. Ta farko sallama ce wadda ba ta hana a sake gurfanar da mutum a kan wannan zargi, ta biyun kuwa wankewa ce wadda ke rufe maganar. Ya roƙi lauyan ya nemi ta biyun, Allah kuma Ya sa aka dace. Yau yaron yana da rumfarsa, ana kuma aiko masa da kaya a kan amana.

Ran 12 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar ahuwa ga Saro-Wiwa da sauran mutum takwas ɗin nan, shekara kusan 30 bayan rataye su. Iyalansu da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce abin da suke nema shi ne "exoneration", watau hukuma ta fito ta ce mutanen ba su yi laifi ba tun asali, domin wanda bai yi laifi ba, me za a yafe masa? Mutane da yawa sun ga kamar butulci ne. Dattijon bai ga haka ba, don kuwa ya san abin da wannan bambanci ya ci masa.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da ahuwa, da sassauci, da sallama, da wankewa, sai dai mun saba mu haɗe su duka mu ce "an sake shi". Ya kamata masu fassara labarai su riƙa ajiye kowace a muhallinta, 'yan'uwanmu mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu kuma kada su dangwala hannu a takardar da ba a warware musu ma'anarta ba. Matambayi dai ba ya ɓata. Allah Ya kiyashe mu da sharrin da ba mu ji ba, ba mu gani ba, amin.