Binne da Sirrin Ruwa

A ƙauyenmu na ƙasar Makoɗa, inda gona take manne da gona, mahaifina yakan yi binne, wato ya shuka gero cikin busasshiyar ƙasa tun kafin faɗuwar damina. Wata shekara aka yi yayyafin dare ɗaya, sa'an nan ruwa ya ɗauke har mako uku. Shuka ta tsiro, ta ƙone, irinmu na shekara ya salwanta. Amma da muka tona ramukan da laima ba ta kai gare su ba, sai muka tarar da ƙwayoyin lafiya lau. Na tambayi Baba dalili, ya ce, "Iri barci yake yi, wanda aka tasa kuwa ba ya komawa."

Sai da na girma na gane cewa maganar nan kimiyya ce tsantsa. Cikin kowace ƙwayar gero akwai sinadarin gado, wanda masana suke kira DNA, da kuma wasu ƙananan ma'aikata da ake kira inzayim, waɗanda suke karanta saƙon gadon, suna narkar da abincin da ke ajiye. Dukansu biyu ba su da kataɓus sai da ruwa. Sinadarin gado kamar tsani yake: matakansa suna ƙin ruwa, gefensa yana son ruwa, don haka yake murɗewa ya ɓoye matakan a ciki. A shekarar 1952 Rosalind Franklin ta ɗauki hotonsa a Landan, ta nuna cewa siffarsa iri biyu ce: in ya bushe ya takure, in ya jiƙe ya miƙe. Shi kuma inzayim, in babu ruwa sandarewa yake yi.

Mata masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin aikin nan. Sukan jiƙa hatsi ya tsiro, su niƙa, su zuba a kunu. Inzayim ɗin da ke cikin tsiron yana datse sarƙar sitaci ta zama sukari, kuma a kowace gaɓa sai ya cusa ƙwayar ruwa guda kafin ta tsinke.

Ashe ke nan yayyafin da ya tashi irinmu shi ya kashe shi: ya sa ma'aikatan sun fara aiki, tsiro ya rasa juriyar bushewa, sa'an nan aka bar shi da rana. Ruwan da bai taɓa zuwa ba ya fi sauƙi bisa ga wanda ya zo ya janye. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.